Wasan zamiya a ƙarshen kakar dusar ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi kan yini guda a Val Thorens

Da zarar Maris ya raba, wuraren wasan zamiya da ke ƙasa-ƙasa a tsaunukan Alps sukan fara naɗe tabarma. Ciyawa ta leƙo a gefen hanyoyi, masu hayar kaya sun fara karya farashi. Amma can sama wasa bai tashi ba, wasu ma cewa suke yi yanzu ne ya yi daɗi. Tambayoyin nan irin waɗanda ɗalibanmu da ma'aikatanmu mazauna Turai kan yi ne idan abokan karatu ko na ofis suka ce a zo a tafi dutse a watan Afrilu. Na ɗauki Val Thorens na ƙasar Faransa a matsayin misali, domin yana cikin wuraren da suka fi daɗewa a buɗe.

Wai da gaske akwai sauran dusar ƙanƙara a Afrilu?

Akwai, in dai ka hau sama sosai. Val Thorens yana lardin Savoie, a ƙuryar kwarin Belleville, kuma garin kansa yana zaune a tsayin mita 2,300. Duk Turai babu garin wasan zamiya da ya kai shi tsayi. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne, ka ga ke nan gadon da za ka kwana a kai ya kusa kamo ƙololuwar ƙasarmu. Daga garin kuma motocin igiya da kujerun lilo suna ɗaukar mutane har wajen mita 3,200, inda ƙololuwar Cime Caron take.

Lissafin mai sauƙi ne. Duk mita 1,000 da ka hau, iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi. Ranar da mutanen Moûtiers, garin da ke gindin dutsen, suke yawo da 'yar shara a zafin digiri 18, can ƙololuwa ruwa yana dab da daskarewa. Ga kuma dusar da ta taru tun Nuwamba, wadda motoci suka yi ta dannewa kowane dare har ta zama dandamali mai kauri. Shi ya sa Val Thorens kan buɗe a ƙarshen Nuwamba, ba ya rufewa sai farkon Mayu.

Kuma kada ka ɗauka Afrilu ya gama zubar da sabuwa. A tsakiyar Afrilun 2025 an yi zubar da ta haura mita guda a wasu sassan Savoie cikin ɗan lokaci, har aka umarci mutanen Tignes, wani garin wasan zamiya a lardin, su zauna a ɗaka.

Me ya raba dusar Afrilu da ta Janairu?

Ta Janairu yadda ka same ta da safe haka za ka bar ta da yamma. Ta Afrilu kuwa tana sauya hali sau uku kafin la'asar, kuma duk abin da za a faɗa a shafin nan daga wannan ya taso.

Da rana saman dusar yana narkewa, ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyinta. Da dare, idan sararin sama ya washe, zafi ya tsere sama, sai komai ya sake daskarewa. Washegari da ƙarfe tara za ka tarar da hanya ta ƙandare. Har zanen da motar gyaran hanya ta bari da daddare, layi-layi, ya daskare yadda yake. Idan ka juya, bakin ƙarfen allon zamiyarka yana kankarar ƙasa da wata ƙara mai tsinka haƙori, gwiwoyinka suna karkarwa, ga ƙwarewa ko babu. Wanda ya faɗi a wannan lokaci ba nutsewa yake yi ba, sulalewa yake yi.

Bayan rana ta ɗan dafa wurin, yatsa biyu ko uku na sama sai su saki, ƙasansu yana nan da ƙarfinsa. Ƙwayoyin da suka sha narkewa da daskarewa sun zama manya-manya, kamar tsakin masara. Wannan ita ce dusar da masu wasan suke tashi tun daga wata uwa duniya su zo nema. Allo yana kama ta ba musu, juyi yana zuwa da sauƙi, faɗuwa ba ta da zafi. A kowane gangare takan yi awa ɗaya ko biyu a haka.

Daga nan sai ta wuce gona da iri. Ruwa ya yi yawa, dusar ta yi nauyi, masu wucewa sun tura ta ta taru tsibi-tsibi. A wurare masu shimfiɗa tana riƙe allo: kana tahowa da gudu a inuwa, ka shiga inda rana ta buga, sai ka ji an finciki ƙafafunka baya, ƙirjinka ya yi gaba. Ruwan da ke tsakanin allo da dusar ne yake tsotse shi. Maganinsa kakin da aka yi domin dusa mai ɗumi, saboda haka ka ce wa mai shagon haya ya shafa maka kafin ka fita.

Wani abin lura: idan dare ya yi gajimare, ko iska mai ɗumi ta kwana tana kaɗawa, dusar ba ta daskarewa. Ranar nan tun safe caɓi ne, kuma babu dabarar da za ta gyara ta.

To ƙarfe nawa zan fita, kuma ta ina zan fara?

Rana za ka bi. Gangaren da ke kallon gabas shi yake fara saki, sai mai kallon kudu, sai na yamma, na arewa ya zo a ƙarshe. Haka ma ƙasa tana riga sama laushi. Saboda haka mai dabara yakan fara da gabas da wuraren da ba su da tsayi sosai, ya koma kudu kafin azahar, sa'an nan ya ƙare a sama, a gangaren da ke kallon arewa, inda wani lokaci har dusa busasshiya ake samu. Val Thorens kwano ne da duwatsu suka kewaye, kowace fuska akwai hanya, shi ya sa wannan zagaye yake yiwuwa ba tare da wahala ba. Ɓangaren Orelle, da ke bayan dutsen ta wajen kwarin Maurienne, yana shan rana sosai, don haka na hantsi ne, ba na yamma ba.

Injunan hawa dutse, wato motocin igiya da kujerun lilo, kan fara aiki wajen ƙarfe tara. A ganina ɗan koyo ba shi da abin nema a waje kafin goma. Ka tuna Turai na tura agogo gaba da awa guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, saboda haka ƙarfe tara na Afrilu safiya ce sosai a lissafin rana. Ka karya kumallo a natse, ka fita da hantsi, ka yi wasanka mai kyau har ɗaya ko biyu.

Ban taɓa ɗora ƙafa a kan allon zamiya ba. Wannan lokacin ya dace da ni?

Ya fi kowane lokaci dacewa. Babu sanyin da zai hana ka sauraren malami, yini ya yi tsawo, kuma cunkoson hutun makarantu na Fabrairu ya wuce. A tsakiyar garin akwai filin 'yan koyo mai wata darduma da ke tafiya da kanta tana hawa da mutum, kuma kyauta ce. Ranar farko ba sai ka sayi tikitin dutse gaba ɗaya ba.

Shawara ɗaya: kada ka yarda aboki ya koya maka. Aboki zai nuna maka sau biyu, ya gaji, ya ce ai ka iya, ya ja ka sama. Ka biya malami ko na awa biyu ne. Makarantar koyar da zamiya ta ESF, masu jajayen riguna, tana kusan kowane wurin zamiya a Faransa, akwai kuma wasu makarantun, da yawa daga malaman suna jin Turanci. Hanyoyi an raba su da launi: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. Ɗan kwana ɗaya ko biyu wurinsa kore.

A shagon haya za a tambaye ka nauyinka, tsayinka, shekarunka da iyawarka. Ka faɗi gaskiya. Da waɗannan ake saita maƙallin da ke riƙe takalmi a kan allo, domin ya sake ka idan ka faɗi. In ka ƙara wa kanka ƙwarewa don jin kunya, maƙalli ba zai saki ba, gwiwarka ce za ta saki. Takalmin kuma safa ɗaya ake sa masa, doguwa, ba a cusa ƙafar wando a ciki. Idan ka tsaya tsaye yatsunka su ɗan taɓa gaba, idan ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, diddige kuwa kada ya ɗaga.

Doka guda da ya kamata ka haddace: wanda ke gabanka a gangare shi ke da hanya. Kai da ke sama kake ganinsa, kai za ka kauce.

Me zan saka?

Kaya marasa kauri, hawa-hawa, waɗanda za ka iya tuɓe ɗaya ka jefa a jaka. Na ciki kada ya zama auduga, domin tana riƙe gumi, kuma da ka zauna a kujerar lilo iska ta buge ka za ka gane kurenka. Wando da safar hannu su zama masu hana ruwa shiga, tunda dusar yamma jiƙa take yi. Hular kwano ana haya tare da sauran kaya. Za ka ga samarin Turawa suna zamiya da gajeren hannu, wasu ma da kayan ban dariya a makon rufewa. Ka bar musu. Dusar da ta sha daskarewa tana gurje fata.

Ni baƙar fata ne, ina ruwana da man kariya daga rana?

Da ruwanka. Hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, kuma sabuwar dusa tana iya maido da kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Wato rana tana dukanka ta sama, tana dukanka ta ƙasa, har ƙarƙashin haɓa da ƙofar hanci. Baƙar fata tana da juriya fiye da fara, amma leɓe da karan hanci suna ƙonewa su saɓule.

Ido kuwa ba ruwansa da launin fata. Wanda ya yini ba tabarau ba ya jin komai sai bayan awanni, da dare, ya farka idanunsa suna zubar da hawaye, suna raɗaɗi, ba ya iya kallon fitila. Ƙunar fatar ido ce, takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma hutun ya lalace. Tabarau mai tare hasken rana na gaske, ko da gari ya yi gajimare.

Tsayin wurin ba zai taɓa lafiyata ba?

A garin, iskar da kake shaƙa tana da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin ta bakin teku, a ƙololuwa kuma kusan biyu cikin uku. Yawancin mutane haki kawai suke yi a matattakala, da ɗan ciwon kai ko rashin barci a daren farko. Shan ruwa da yawa da rage garaje a ranar farko sun wadatar. Ciwon kan da ya ƙi sauka, da amai ko jiri, yana nufin a sauko ƙasa a ga likita.

Amma akwai maganar da Bature abokin tafiyarka ba zai tuna ya gaya maka ba, ita ce sikila. Ƙarancin iska, sanyi, ƙishirwa da wahalar jiki, duk huɗun suna tayar da ciwon, kuma duk huɗun sun haɗu a kan dutse. Mai jinin SS ko SC kada ya shirya irin wannan tafiya sai da amincewar likitansa. Ko mai AS, da yake rayuwarsa lafiya lau, an san tsayi yana iya taɓa masa saifa. Idan ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya daina wasa, ya sauko, ya gaya wa likita irin jininsa tun daga bakin ƙofa.

Ana ta maganar zaftarewar dusa. Ta shafi wanda bai bar hanya ba?

Hanyoyin da aka buɗe ma'aikata suna tsaronsu. Da asuba sukan tayar da nakiya a gangaren da ke sama domin dusar da za ta zaftare ta zaftare babu kowa, shi ne ƙarar da za ka ji kana kwance. Idan kuma suka ga gangare ya yi ɗumi da yawa sai su ja igiya su rufe shi. Haɗarin yana ga mai tsallake igiya.

A wannan lokaci zaftarewar ta jiƙaƙƙiyar dusa ce. Ruwa yana gangarawa cikin dandamalin har ya raba shi da ƙasa, sai ya taho gaba ɗaya, a hankali amma da nauyin da ba a kuɓuta. Shi ya sa gangaren da ba shi da laifi da ƙarfe goma yake zama tarko da ƙarfe biyu. Hukumar yanayi ta Météo-France tana fitar da bayanin haɗarin kowace rana, daga mataki na 1 zuwa na 5, ana kuma liƙa shi a gindin injuna. Masu fita wajen hanya suna ɗaukar na'urar gano mutum, sandar bincike da shebur, domin wanda dusa ta binne mintuna 15 na farko ne rabonsa. Baƙo ba shi da dalilin zuwa can sai da jagora. A waccan zubar ta Afrilun 2025, dusa ta zaftaro a bakin garin Val Thorens ta yi ajalin wani matashi ɗan Ingila, saboda haka idan hukuma ta ce a zauna a ɗaka, a zauna.

Na ga hotunan dusar ta yi ja. Mene ne?

Ƙurar Sahara ce. Iskar kudu takan kwaso ta daga arewacin Afirka, ta tsallaka tekun Bahar Rum da ita ta zube a Alps. An ga manya a Fabrairun 2021 da Maris na 2022, sama ta yi ruwan goro, dusa ta yi ruwan ƙasa. Wanda ya saba da hunturu ba zai ga baƙon abu ba, amma masu wurin ba sa murna: dusa mai duhu tana shan zafin rana fiye da fara, ta yi saurin narkewa, kuma ƙurar tana rage gudun allo.

Abinci fa, da salla?

A nan sai ka buɗe ido, domin girkin Savoie da alade ya ginu. Tartiflette dankalin Turawa ne da cuku da albasa, amma da gutsattsarin naman alade a ciki. Diots tsiren hanji ne na alade. Raclette narkakken cuku ne da ake kawowa da yankakken nama, shi ma akasari alade. Fondue kuwa da giya ake narka cukun. Abin sha mai zafi da ake kira vin chaud giya ce, kada ƙamshin kirfa ya ruɗe ka. Abin da ya rage: wainar ƙwai, kifi, taliya da cuku, miyar ganye bayan ka tambaya. Ka riƙe kalmomi biyu, "sans porc", wato ban da alade. Yawancin masauki a garin ɗakuna ne masu wurin girki, don haka mafi sauƙi ka sayi naman halal da kayan cefane tun a Lyon ko Chambéry kafin ka hau. Ya fi araha ma nesa ba kusa ba.

Salla kuma lokaci ya yi maka gata. A Afrilu azahar tana shiga wajen ɗaya da rabi, daidai lokacin da dusar ta fara lalacewa. Masaukai suna bakin hanyar zamiya, sai ka gangaro har ƙofa, ka cire takalmin nan mai nauyi, ka yi alwala da ruwan ɗumi. Alƙibla tana kudu maso gabas.

Idan na faɗi na ji rauni, wa zai ɗauko ni?

Ma'aikatan ceto na hanya, da wani gado mai zamiya da suke ja. A gefen kowace hanya akwai alluna masu ɗauke da sunanta da lamba, lambobin suna raguwa yayin da kake gangarowa. Su za ka faɗa a waya. Lambar masu ceto tana jikin taswirar da ake bayarwa, in ka rasa ta ka kira 112. Abokan tafiya su kafa alluna biyu a gicciye a saman wanda ya faɗi, domin masu tahowa su kauce.

Ceton ba kyauta ba ne. A Faransa ana cajin ɗaruruwan Yuro, in an kira jirgi mai saukar ungulu kuma abin ya wuce nan. Inshorar da ake nema wajen bizar Schengen, mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000, sau da yawa ba ta haɗa da wasannin dusar ƙanƙara ba, sai ka karanta takardarka. A wurin sayen tikiti ana sayar da wata inshora mai suna Carré Neige a kan Yuro kaɗan a yini. Ka ƙara ta.

Ta ina ake zuwa, kuma da tsada?

Jirgin ƙasa zuwa Moûtiers, daga nan mota ta yi kilomita 37 tana hawa da kwana-kwana, kusan awa guda. Mai amai a mota ya zauna gaba. Filayen jirgin sama mafi kusa su ne Chambéry, Geneva da Lyon. Mai zuwa da motarsa ya sani ba a barin mota a titin garin, sai a gareji na kuɗi.

Tsada kam akwai. Tikitin yini na babba ya haura Yuro 60 a 'yan shekarun nan, ban da hayar kaya da malami. Sai dai bayan hutun Ista kuɗin masauki yana faɗuwa sosai. Kada kuma ka yi saurin sayen babban tikitin Trois Vallées, wato yankin da ya haɗa Val Thorens da maƙwabtansa Courchevel da Méribel, mai hanyoyi kilomita 600, idan Afrilu ya yi nisa, domin Courchevel da Méribel suna riga Val Thorens rufewa.

In ba Val Thorens ba, sai ina?

Tignes da Val d'Isère a Faransa, da Cervinia a Italiya, su ma suna kaiwa farkon Mayu. Mammoth na jihar Kalifoniya a Amurka ya kai har Agusta a 2023. Riksgränsen a arewacin Suwidin ana zamiya a Mayu rana ba ta da niyyar faɗuwa. Oukaïmeden na Maroko, kusa da Marrakesh, kakarsa gajera ce kuma dusarsa ba ta da tabbas, ba wurin Afrilu ba ne.

Yaushe ya kamata in haƙura in koma ɗaki?

Da zarar ka ga kana juyi da ƙyar, cinyoyinka suna zafi, dusa tana taruwa a gabanka. Nauyayyiyar dusa da gajiyayyiyar ƙafa su ne suke tsinka jijiyar gwiwa. Ba abin kunya ba ne ka sauko da motar igiya. Idan hazo ya rufe dutsen kuma, ka sani Val Thorens ba shi da itatuwan da za su nuna maka sama da ƙasa, komai fari ne. Ka bi sandunan gefen hanya: na hannun dama ga mai gangarowa su ne masu kai ruwan lemo.

In kuma ka tsallaka wani kwarin, Orelle ko Méribel, ka duba lokacin injin ƙarshe tun kafin ka zauna cin abinci. Abin da yake minti ashirin ta sama, ta titi zagaye ne mai nisa, kuma kuɗin tasi zai iya fin na tikitin yinin gaba ɗaya.